Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Fina-finan Hausa: Ina Fim Ɗin Sallar Yara?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga furodusoshi da daraktoci da marubutan labari na Kannywood, da shugabannin ƙungiyoyinku, da kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda nake roƙon ta leƙo ta karanta tare da ku. Ina gaishe ku da aiki. Ya fama da jama'a?

Ni malamar firamare ce a cikin birni, kuma uwar yara huɗu. Babban yana da shekara 13, autar tana da 6. Aikina ya sa duk ranar da aka ba yara hutu ni ma an ba ni, don haka abin da iyaye da yawa ba sa gani saboda suna kasuwa ko ofis, ni ina zaune a falo yana faruwa a gabana. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa ba wani babban abu ba ne. Safa ce, ƙafa ɗaya.

A hutun Disamban da ya wuce, hunturu ya kankama, na tashi da asuba zan ɗora ruwan zafi, sai na hangi farar safar makarantar Auta rataye a ƙarfen tagar falo, an maƙale ta da abin shanya. Na zaci wanki ne aka manta. Da na cire sai na ji takarda a ciki, an yago ta daga littafin rubutu, an yi mata rubutu da fensir: keke, 'yar tsana mai gashi, waya, cakulan babba. A ƙasa ta sa sunanta da sunan unguwarmu, ta ƙara da "kusa da masallaci", wai don kada mai kawo kayan ya ɓata. Da gari ya waye na tambaye ta, ta ce tsohon nan na fina-finan Kirsimeti mai farin gemu da jajayen kaya ne zai kawo, sai dai abin da ke damunta shi ne ta ina zai shigo, tunda gidanmu babu bututun hayaƙi. Yayanta ya ba ta shawarar a bar masa ƙofar zaure a buɗe. Kakarsu, mahaifiyar maigidana, tana kan dadduma tana lazimi, ba ta ko juyo ba ta ce, "Mai shigowa gidan mutane da tsakar dare ta saman rufi, mu dai a garin nan ɓarawo muke ce masa."

Mun sha dariya. Amma da na koma kicin sai dariyar ta tsaya mini a wuya. Yarinyar da sai na yi da gaske take rubuta jimla biyu na aikin gida, ita ce ta zauna ita kaɗai ta tsara wasiƙa har da adireshi. Wani malami ya koyar da ita a cikin falona, kuma ya fi ni iya koyarwa.

Ban yi faɗa ba, ban kuma ɓoye rimot ba. Na yanke shawarar in zauna da su in kalli duk abin da suke kallo har hutun ya ƙare, ko a dish ne ko a waya. Gani ya kori ji. Ga abin da na gani, kuma zan fara da yabo don kada ku ce malama ta zo da bulala.

Mutanen nan sun iya aikinsu. Fim ɗin bikin Kirsimeti na Amurka da Ingila, in na yara ne, to na yara ne tun daga tushe. Kyamarar ma a daidai tsawon yaro ake ajiye ta, tebur ya zama dogo, babba ya zama ƙato. Damuwar da ke cikin labarin damuwar yaro ce: an manta da ni, ba a yarda da maganata ba, babana bai dawo gida ba. Kuma akwai alheri a ciki wanda ba zan yi musunsa ba. Akwai zumunci, mutum ya keto ƙasa don ya yi biki da danginsa. Akwai tsohon maƙwabcin da yaran unguwa ke tsoro, daga baya a gane kaɗaici ne kawai ya dame shi. Akwai labarin attajirin marowacin nan da ya tuba a dare ɗaya, wanda marubucin Ingila Charles Dickens ya wallafa tun 1843, har yau ana ta sake masa riga, wani lokaci da mutane, wani lokaci da katun. Da muka kalli ɗaya daga ciki, ɗana na biyu ya ce, "Umma, wannan ai zakka ce ba ya fitarwa." Ban ƙara masa komai ba.

Kada kuma a juya mini magana. Ba ni da rigima da maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari ko na ko'ina. Bikinsu ne, kuma da yawansu ma kukan da suke yi ke nan, cewa kasuwa ta cinye musu shi. Mafi yawan fina-finan da na kalla ko sunan Annabi Isa, alaihis salam, ba a ambata a ciki ba. Itace ne mai fitilu, da ƙunshin kyaututtuka, da dusar ƙanƙara.

To ina matsalar? Ta farko da na lura da ita, a kan babban ɗana na gan ta. A cikin waɗannan labarai yaro ne mai gaskiya kusan kullum. Uba wawa ne ko mai son aiki fiye da iyali, uwa mai mantuwa ce, malami abin dariya ne. Yaro ya ɗaga wa iyayensa murya, ya haye sama, ya buga ƙofa, a ƙarshen fim kuma iyayen ne za su zo bakin gadonsa su ba shi haƙuri. Ba na cewa babba ba ya kuskure, ni ma na sha ba 'ya'yana haƙuri. Amma in sau goma ka kalli abu, sau goma haƙurin daga sama yake gangarowa, ai an koya maka wani lissafi. Wata rana na aiki yaron nan niƙa, ya ɗaga kafaɗa, ya juya idanu sama irin yadda ba a yi a gidanmu, ya shige ɗaki ya turo ƙofa da ƙarfi. Ƙofar langa-langa ce, ƙarar ta kai har zaure. Na san inda ya samo wannan juyin idon, don tare muka kalle shi.

Ta biyu ita ce ta cikin safa. Kyauta a waɗannan fina-finai jerin buƙata ce: ka rubuta abin da kake so, ka yi ɗabi'a mai kyau na 'yan kwanaki, a biya ka da kaya. Wannan ba haɗari ba ne. Shi kansa tsohon mai jajayen kayan, tallace-tallacen da kamfanin Coca-Cola ya fara yi da shi a 1931 suna cikin abin da ya kafa wannan siffar tasa a idon duniya. Katun da yawa kuma tare da kayan wasansu ake ƙera su, fim ɗin shi ne tallar. Su can sun san da haka, shi ya sa suka yi wa kansu shinge. A Amurka dokar 1990 ta ƙayyade talla a shirin yara na talabijin, minti 12 a awa ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako. Suwidin ta hana tallar talabijin da ake nufin yara 'yan ƙasa da shekara 12 da ita. Mu kuwa kayan ne suka iso mana, shingen ya tsaya a can. Mu da muka taso a kan cewa ranar Sallah yaro shi ne ɗan aike, ya ɗauki kwanon tuwo ya kai maƙwabta, ya ɗauki ƙullin naman layya ya kai wa gwaggo a Ɗorayi, ya durƙusa ya gaishe ta kafin ta kunce bakin zani ta ba shi barka da Sallah. A wajenmu sai ka kai kake karɓa.

Amma duk waɗannan biyun zan iya da su. Uwa ce ni, kuma malama. Abin da ya hana ni barci shi ne na uku. Muna cikin kallo, an nuno titi fari fat, fitilu ko'ina, kiɗa mai sanyi yana tashi, sai Auta ta jingina da ni ta ce, "Umma, su bikinsu ya fi namu kyau, ko?"

Yarinyar nan an haife ta a garin da ake hawan Daushe. Garin da a watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallarsa cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Ta taɓa ganin 'yan lifida da idonta, ta ji kakaki da algaita, ta sha lalle da kitso, ta sa atamfa sabuwa fil ta je Idi. Amma ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan a allo an haska shi da kyau, da yarinya irinta a tsakiyar labari ba. Abin da aka haska mata shi ne mai kyau a wajenta. Yaro ba da wa'azi yake ɗaukar tarbiyya ba, abin da ya burge shi yake bi, sauran kuma su biyo baya.

A nan ne na zo kanku. Tun daga Turmin Danya na 'yan Tumbin Giwa a 1990, kun haura shekara 30 kuna wannan sana'a. Kun samar wa dubban matasa abin yi, kun kai Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba, ban raina muku ba. Kuma kun san darajar Sallah fiye da kowa, don tun zamanin kaset da faifai a Ƙofar Wambai lokacin ne kasuwarku ke ci. Amma me kuke sakewa da Sallah? Soyayya, kishi, rikicin gado, auren dole. Yaro in ya fito a fim ɗinku ɗayan uku ne: ko maraya ne da kishiyar uwa ke gana wa azaba don mu yi kuka, ko an aike shi ya kira wance a zaure, ko kuma an cusa masa maganar dattijo a baki ya tsaya ƙiƙam yana yi wa iyayensa nasiha da kalmomin da ko ni sai na duba ƙamus. Wannan na ukun ya fi ba ni haushi. Yara suna ganinsa suke tashi su tafi wasa.

Sakamakon haka, yaranmu suna kallon abu biyu ne, kuma babu nasu a ciki. Ko na yaran wasu, ko na manyanmu. A ajina akwai yaran da suka haddace maganganun 'yan daba na cikin fina-finai masu dogon zango, da na jaruman Indiya da aka fassara, suna yi wa juna a filin makaranta har da tafiyar. 'Yar shekara takwas ta san ma'anar "sakin wawa" da "zaman 'yan marina", amma ba ta san ƙarshen tatsuniyar Gizo ko ɗaya ba. Rashin uwa ne ke sa a yi uwar ɗaki.

Na san amsarku, kuɗi. Kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha ta yi muku illa, yawancinku kun koma YouTube. Na kuma san cewa tun bayan tarar dala miliyan 170 da aka ci kamfanin a Amurka a 2019 kan tattara bayanan yara, bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ba a sa masa tallar da ke bin diddigin mai kallo, don haka kuɗinsa bai kai na manya ba. Wannan gaskiya ce, ban ce ku yi aikin sadaka ba. Amma ku dubi ɗaya gefen. Fim mai dogon zango na manya, kashi na 40 yana fita an manta da na 39. Yaro kuwa in ya so fim sai ya kalle shi sau ashirin, ƙaninsa ya taso ya gada. Fina-finan da 'ya'yana suka kalla a Disamba, wasunsu sun girmi aurena, kuma duk shekara sai an dawo da su an sake cin kuɗinsu. Wane fim ɗinku ne ake dawowa da shi duk Sallah? Ga makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu cike da gari suna neman inda za su kai yara a ƙarshen zango. Ga iyaye da ke rasa wajen zuwa da Sallah in an gama Gidan Zoo. Sinima da rana tsaka, tikiti mai sauƙi, uwa da 'ya'yanta, wa ya gwada da gaske ya ga ba ta ci ba?

Labari kuwa ba sai kun je neman aro ba. Bari in ba ku ɗaya kyauta, daga tsakar gidana. Bara maigidana ya sayo ragon layya da wuri, kusan wata guda kafin Sallah, saboda tsoron tsada. Ɗana na uku, mai shekara 9, shi ya zama mai kiwo. Shi ke jiƙa dusa, shi ke zuwa sayen harawa, shi ke wanke shi da omo har sai ya yi fari sol, ya kuma raɗa masa suna. Daren Sallah aka nemi rago aka rasa. Hankalin kowa ya tashi, maigida ya fita da tocila har bakin titi. Ashe yaron ne ya kunce shi ya kai shi kangon da ke bayan layinmu, ya zauna tare da shi a cikin duhu, sauro na cizonsa. Kakarsa ce ta gano inda yake, ta kuma hana a taɓa shi. Ta shimfiɗa ɗankwalinta ta zauna kusa da shi, ta ba shi labarin Annabi Ibrahim da ɗansa, ba da sigar wa'azi ba, kamar dai tana ba shi labarin wani ɗan'uwanmu. Ta ce masa abin da ba ka so ba shi ake bayarwa ba. Da safe bai tsaya wajen yanka ba, kuma ba wanda ya tilasta shi. Amma da yamma shi ya ɗauki cinya guda a leda ya kai wa almajiran da ke tsangayar bakin layi, ya dawo bai ce wa kowa komai ba.

Ku gaya mini wannan ba fim ba ne. Akwai dariya, akwai ɓuya da nema, akwai kuka, akwai addini ba tare da an ɗaga yatsa ba, kuma duk yaron da ya taɓa riƙe igiyar rago daga nan har Agadas zai ga kansa a ciki. Kuɗin yin sa bai wuce gida ɗaya, kango ɗaya, da rago mai haƙuri ba.

Irinsa suna nan birjik. Daren Sallah a shagon tela, yara sun yi zaman dirshan suna jiran ɗinki, wuta ta ɗauke. Yarinyar da ta saki hannun yayarta a cikin cunkoson Ƙofar Kudu ranar hawa, ta ratsa lungunan birni tana neman gida. 'Yan tashe da suka tara kuɗi cikin azumi rabo ya gagare su. Almajirin da ya yi Sallar farko nesa da uwarsa. Kuma don Allah kada ku ji tsoron jarumi mai ƙiriniya. Kakanninmu ba su ji tsoron Gizo ba, maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai wayon tsiya, yara suna son sa, suna kuma ganin yadda wayon ke komawa kansa. Ba a taɓa tsayar da tatsuniya a tsakiya an ce "yara, darasin da ke ciki shi ne" ba. Ƙurunƙus kawai ake cewa, kowa ya tafi ya kwanta da abinsa.

Ku kuma hukuma, ranku ya daɗe, tun kafa ku a 2001 an fi sanin ku da almakashi. Yankewa tana da ranarta, amma ko kun yanke duk abin da ba ku so, ba ku ba 'yata abin kallo ba, kuma almakashinku ba ya isa tauraron ɗan'adam. Roƙona ƙanana ne. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana da matakan shekaru, 12 da 15 da 18, amma ban cika ganin irin wannan alamar a farkon fina-finan da muke kalla a waya ba. Ku sa a riƙa rubuta ta ƙarara da Hausa, yadda uwar da ba ta yi boko mai zurfi ba za ta gane. Ku rage kuɗin rajista da na tacewa ga duk wanda ya kawo fim ɗin yara. Ku kafa ƙa'ida kan yaran da ake ɗauka aiki, kada a fitar da su daga aji, kada a kwana da su a wajen ɗauka. Ku zauna da tashar talabijin ta jiha, ARTV, wadda tun tana CTV a zamanin marigayi Abubakar Rimi ta san yadda ake tara iyali a gaban akwati ɗaya, a ware awa guda da hantsin kowace ranar Sallah don sabon fim ɗin yara, a kuma biya mai shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu iyaye ma da namu laifin, ba sai kun tuna mini ba. Mu ne ke miƙa wa yaro waya don mu sayi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini, ni kuwa na san ranakun da na bari aka ninka haka sau huɗu saboda ina wanki. Wannan tsakanina da Allah ne da 'ya'yana.

Game da safar, na zaunar da Auta na gaya mata gaskiya, cewa tsohon labari ne na mutanen wata ƙasa, kuma ko a can iyaye ne ke sayen kayan. Ta yi shiru, sannan ta ce to in ba Abbanta takardar. Na ba shi. Ya karanta, ya kai kan "waya", ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce Allah ya hore. Ta samu cakulan, ƙarami.

Babbar Sallah ta kusa, na san ba za ku iya kammala komai kafin nan ba. Amma akwai ta baɗi. In wani daga cikinku ya rubuta labari yana son ya gwada shi kafin ya kashe kuɗinsa, ina da yara sittin da 'yan kai a aji ɗaya, ba sa kara, ba sa yi wa kowa dariyar ganin ido. Ya zo ranar Alhamis bayan tara, ya karanta musu shafi biyar. In suka fara neman izinin fita fitsari, ya koma ya sake rubutu.

Wassalam.

Taku,
Wata uwa kuma malamar firamare,
Gwale, Kano.